Fi'o'es Ko Pi'o'es: Wa Ke Da Ikon Gyara Bakin Wani?



Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta labarin da ya faru a wannan zamani namu ya san wurin da alƙalami yake cijewa. Ka kawo jarumarka bakin kasuwa, kuɗin hannunta sun yanke, za ta tambayi inda ake cirewa. Me za ka sa a bakinta? POS, da manyan haruffa uku kamar yadda yake a allon mai shago? Ko fi'o'es, yadda kunnenka ya saba ji? Ko kuwa pi'o'es, yadda ɗan makaranta zai matse leɓe ya faɗa? Tambayar kamar ba ta kai a ɓata mata tawada ba, amma a bayanta akwai gardamar da ake tafkawa kullum a majalisu da shagunan caji da azuzuwa. Gardamar kuwa tana taɓa mutuncin mutane, wani lokaci har da aljihunsu.

Ni ɗan Daura ne, kuma a garinmu baki uku ne ke haɗuwa a kan kalma ɗaya. Akwai bakin 'yan makaranta, wanda ya ƙara ƙarfi tun da aka buɗe kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri a watan Disamban 2019. Akwai bakin kasuwa da cikin gida, wanda ba ruwansa da yadda Bature ke faɗa. Sannan akwai bakin 'yan uwanmu na tsallaken iyaka, masu shigowa ta Kwangwalam zuwa kasuwar Mai'aduwa daga Magarya da Matamaye da Damagaram, waɗanda bokonsu na Faransanci ne. Mu mu ce waifai, su su ce wifi. Mu ce yu'esbi, su ƙarasa da be. Ƙungiyar da muke kira Ekowas su Sedeyawo suke ce mata. Kuɗinsu ma da kowa ke kira sefa, haruffa uku ne na Faransanci, CFA, aka furta su da sauri har suka dunƙule suka zama kalma. Ban taɓa ganin ɗan canjin da ya tsaya gyara wa wani furucin sefa ba, lissafi kawai ake yi a rabu lafiya.

Wata rana da yamma a majalisar ƙofar gidanmu, wani dattijo abokin mahaifinmu, tsohon malamin firamare da muke kira Baba, ya aiki yaro ya ce ya je wurin mai fi'o'es. Wani ƙanenmu da ke karatun kwamfuta ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai pi ne, ba fi ba." Baba ya dube shi ya ce, "To Malam, na gode da karatu. Amma faɗa mini, jam'iyyar Malam Aminu Kano da aka kafa a 1950, me kakanka yake ce mata?" Yaro ya ce, "Nefu." Baba ya ce, "Da me ake rubuta ta?" Ya ce, "Da P." Baba ya ce, "Mutane sun sha ɗauri a kanta suna ce mata Nefu, ba wanda ya ce sun yi kuskure. Hukumar gargajiyar da ta ɗaure su kuma En'e sunanta, Baturen gunduma Di'o. Duk haruffan Turawa ne muka tauna muka haɗiye tun ba a haifi ubanka ba." Aka yi dariya, amma ƙanen namu bai sauka ba. Ya ce, "Baba, wancan siyasa ce. Wannan na'ura ce, in ka ba ta F a wurin P ba za ta buɗe ba." Nan majalisa ta rabu biyu, aka yi ta yi har aka kira magariba.

Na daɗe ina juya maganar mutanen nan biyu, kuma abin da na fahimta shi ne kowannensu ya riƙe gaskiya ta gefe guda.

Mu fara da ta Baba. Abin da ake kira kuskuren furuci a bakin Bahaushe yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ba ta sauyawa daga mutum zuwa mutum. Hausa ba ta da P a matsayin sauti mai zaman kansa. F ɗinmu ma da leɓɓa biyu muke yin sa, ba da haƙori da leɓe kamar na Bature ba, shi ya sa yake fita tsakanin F da P, a bakin Katsinawa da Sakkwatawa kuma yakan koma H, ka ji hita da tahiya da hwara. Saboda haka duk kalmar aro mai P da F ta shigo mana: fensir, fasinja, famfo, fenti, fasfo, firamare, kafinta, farfesa. Ba mu da V, sai B ya tsaya masa: direba, biza, bidiyo, talabijin. Ba ma jera baƙaƙe biyu a farkon kalma, sai mu soka wasali a tsakani: burodi, burki, fulawa, gilashi. Ƙarshen kalma kuma mun fi son ya faɗa kan wasali: banki, kati, caji, kotu, bokiti. Wanda ya yi wa tsohuwa dariya don ta ce fi'o'es, shi da kansa zai juya ya ce zai sayi fetur ya ɗauki fasinja, bai ji komai ba. Bambancin kawai shi ne fetur ya tsufa a bakinmu, fi'o'es kuwa baƙo ne na jiya.

Haka muka yi wa Larabci ma tun kafin zuwan Turawa. Littafi da allo da alƙalami da labari da liman duk aro ne, kuma ba ɗaya da muka bari yadda Balarabe ke furta shi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, a cikin sunanta ma akwai aro. Kwabo daga kalmar Turanci mai nufin jan ƙarfe ya fito, kamar yadda sule da sisi da fam suka fito daga sunayen kuɗin Ingila.

Gajerun sunaye ma suna da tasu hanyar. In haruffan suna da wasalin da za su karantu kamar kalma, to kalma suke zama: Wayek, Neko, Ainek, Jam, har da Bibas, na'urar tantance masu zaɓe da aka yi aiki da ita a 2023. In ba su da shi sai a bi su harafi-harafi, kowane harafi da rigar Hausa. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne NEPA. An kafa ta a 1972, aka sauya mata suna zuwa PHCN a 2005, a 2013 kuma rarraba wuta ya koma hannun kamfanoni, mu a Jihar Katsina muka faɗa ƙarƙashin KEDCO tare da Kano da Jigawa. Yaron da aka haifa bayan duk wannan bai taɓa ganin NEPA ba, amma da ƙwan lantarki ya haska zai ruga yana ihun an kawo Nepa. Hukumar ta mutu, kalmar ta zauna, saboda ta yi daidai da baki. PHCN kuwa ko shekara goma bai yi ba, ya tafi bai bar gado ba.

Sai kuma abin da masu gyaran baki ba su cika faɗa ba: su kansu masu abin ba su daidaita ba. Hoton nan mai motsi da muke tura wa juna, GIF, wani injiniya Ba'amurke mai suna Steve Wilhite ne ya jagoranci ƙirƙiro shi a kamfanin CompuServe a 1987. A 2013, ranar da aka ba shi lambar yabo a birnin New York, ya bayyana cewa da J ake furta shi, wato jif. Mutane da yawa suka ce sun ji, amma su gif za su ci gaba da cewa. Ya rasu a 2022 ba a gama gardamar ba. Harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, SQL, wasu ƙwararru sikwal suke ce masa, saboda sunansa na farko a kamfanin IBM a 1974 haka yake karantuwa, wasu kuma su bi shi harafi-harafi. Kalmar data, wani Bature deta zai ce, wani ya ce data kamar yadda mai sayar da kati a bakin tasha ke faɗa. Harafin ƙarshe na abacada ɗinsu zed ne a Ingila, zi a Amurka. Sunan Wi-Fi kuwa wani kamfanin raɗa wa haja suna ne ya ƙago shi a 1999, ba gajarta wata jimla aka yi ba, don haka wifi ɗin Damagaram da waifai ɗin Daura ba wanda ya fi wani asali. In masu ɗaki ba su yarda da inda yake yoyo ba, mu 'yan fakewa me zai sa mu ba hammata iska?

Yanzu ga gaskiyar ƙanen namu, kuma ba ƙarama ba ce. Akwai wurin da haɗe P da F, ko B da V, yake jawo asara. In kana karanta wa wani adireshin imel ko kalmar sirri ta waya, harafi ɗaya ya kauce, saƙo ya tafi wani wuri ko ƙofa ta ƙi buɗewa. Ɗalibin da zai cike fom ɗin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, in aka juya masa harafi a suna ko a imel zai sha zirga-zirga kafin a gyara. Shi ya sa za ka ji masu shagunan kwamfuta suna tambaya, "Fi ta Fatima ko ta Pakistan?" Wannan tambaya tana da amfani, domin rarrabewa take nema. Wanda zai yi aiki da na'ura dole ya san cewa haruffan biyu ne, ko da bakinsa ɗaya yake fitarwa. Amma sanin bambancin harafi daban, raina mai magana daban. Na farko ilimi ne, na biyu kuwa ga abin da na ga ya haifar.

A farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka yi wuya, mutanen da ba su taɓa riƙe katin banki ba dole ta sa suka riƙe. Wata gwaggona, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta je wurin wani mai cirar kuɗi, aka sami tangarɗa, ta ce masa ko bibiyan ɗinta ce ta lalace. Yaron ya ƙyalƙyale da dariya, ya kira abokinsa ya ce, "Zo ka ji Hajiya, wai bibiyan!" Layi ya ɗauka. Matar da ta aurar da 'ya'ya ta dawo gida ba ta ce wa kowa komai ba, sai dai daga ranar ba ta sake zuwa da kanta ba. Ta riƙa ba wani yaron maƙwabta katin da lambar sirrin yana ciro mata. Sai da ɗanta ya zo hutu ya duba, ya tarar duk zuwa ana zaftare wani abu a kai. Da aka tambaye ta me ya sa ta ba da lambar, cewa ta yi, "Gara a ci kuɗina da a ci fuskata a gaban 'ya'yan cikina."

Ku duba kuma yadda sunayen nan suke a kunnen wanda bai yi boko ba. BVN da aka ɓullo da ita a 2014, NIN da aka wajabta haɗawa da layin waya daga Disamban 2020, da PIN na kati, dukkansu da sautin N suke ƙarewa. BVN lamba 11 ce, NIN lamba 11, lambar waya ma 11. Wacce ake bayarwa, wacce ake ɓoyewa? Mutumin da aka taɓa yi wa dariya ba zai sake tambaya ba. Ɗan damfarar da ke bugo waya ya ce daga banki yake kuwa, ya fi kowa iya furta BVN da OTP. Da wannan lafazi mai santsi yake sa a yarda da shi, domin mun riga mun koya wa iyayenmu cewa mai faɗa daidai shi ne mai sani. Da tun farko lambar banki da lambar ɗan ƙasa da lambar sirri muke ce musu, da sunan kansa ya yi gargaɗi. Ba sai an gaya wa tsohuwa cewa sirri ba a faɗa wa baƙo ba.

To ina ruwan marubuci da wannan? Ruwansa ne tsundum, domin abin da baki ya yi ta jayayya a kai, a takarda yake samun hukunci. Kuma bokon Hausa yana da nasa tarkon. Harafin C a wurinmu na ciki da cokali ne, G kullum na gishiri ne, don haka wanda Hausa kaɗai ya iya karantawa ba zai fitar da CBT ko GSM yadda kake zato ba. AI ya fi kowanne rikici, saboda ai kalma ce tamu da muke faɗa sau ɗari a yini. Rubuta "ai AI ba mutum ba ne" da ƙananan haruffa ka ba wani ya karanta, ka ga yadda zai yi tuntuɓe. Ga shi kuma littattafanmu da yawa yanzu da kunne ake shan su, a rediyo da YouTube da saƙon murya na WhatsApp. Duk abin da ka jefa a shafi, wata baiwar Allah ce za ta furta shi da ƙarfi ga masu sauraro.

Ga hanyar da nake bi, wanda ya ga ta yi masa ya ɗauka. Kalmar da ta riga ta zauna, ina rubuta ta da Hausa ba tare da neman afuwa ba: kwamfuta, intanet, sefa, Nepa, caji, layi. Akwai gwaji mai sauƙi na gane wadda ta zauna. In kalma ta karɓi madanganci kai tsaye, ta kuma yi jam'i irin namu, ta zama 'yar gida: kwamfutar Audu, kwamfutoci, katin banki, katuna, layuka, bidiyoyi. Wadda har yanzu sai an shimfiɗa mata ɗin, kamar BVN ɗina da ATM ɗin, baƙuwa ce a kan tabarma, sai in bar ta da manyan haruffanta, in kuma tabbata jimlar da ke kusa ta nuna aikinta. Sunan kamfani ko haja, irin su Facebook, nakan bar shi yadda masu shi suka rubuta. Inda kuma aka riga aka sami fassara mai rai, ita nake fifitawa: manhaja, kalmar sirri, saƙon kar-ta-kwana, kafofin sada zumunta, ƙirƙirarriyar basira. Irin wannan ba sabon abu ba ne. Mutanenmu ba su tsaya zaɓe tsakanin AIDS na Ingilishi da SIDA na Faransanci ba, suka dubi abin da cutar ke yi wa jiki suka ce ƙanjamau, Daura da Damagaram kowa ya gane.

A cikin zancen taurarin labari ne nake roƙonmu mu fi yin hattara. Na sha karanta labarai inda ɗan birni ke magana da haruffa tsaf, POS da PDF, amma da ɗan ƙauye ko tsohuwa ta buɗe baki sai a rubuta fiyawas da bibiyan don mai karatu ya dara. Alhali in ka kasa kunne, shi ma ɗan birnin fi-di-ef yake cewa. In za ka bi baki, bi na kowa. In za ka bi rubutu, bi wa kowa. Ban ce kada a yi raha ba, Hausa ba ta rabuwa da barkwanci, kuma tsohuwar da ta laƙaba wa na'ura sunan da ya fi na asali daɗi ta cancanci shiga littafi. Abin dubawa shi ne, tare da ita ake dariyar ko ita ake yi wa? Yaron da ya tara wa gwaggona layi a wani wuri ya koyi cewa irin bakinta abin dariya ne, kuma ba na so ya zama a littafin ɗayanmu ya koya.

Abu na ƙarshe shi ne tsayawa kan abu guda. In ka fara da kwamfuta a shafi na 3, kada ta koma komfuta a shafi na 40, ta zama na'ura mai ƙwaƙwalwa a shafi na 90 ba tare da dalili ba. Mai karatu yana yafe zaɓin da bai so ba, amma yawo da hankali yana gajiyar da shi.

A da akwai masu yanke irin wannan hukunci. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, aka yi taron daidaita rubutu a Bamako a 1966 da wani a Yamai a 1980, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da ƙamusunta na Hausa zalla a 2006. Aikinsu muke ci har yau. Sai dai kalmomin na'ura suna shigowa da gudun da ba taron da zai cim musu. Kafin a kira masana a zauna, kalma ta kwana a waya miliyan. Waɗanda ke rubutu kullum, wato ni da ku, mu ne muke raɗa musu suna ko mun sani ko ba mu sani ba. Jaririn da ba a yi wa suna ba, duk abin da 'yan unguwa suka kira shi da shi, shi zai bi shi har tsufa.

Don haka kafin ka rubuta irin wannan kalma, fita ka saurari yadda ake faɗarta a tasha da kasuwa da cikin gida, ka kuma san yadda masu ita suke rubuta ta. Sannan ka karanta jimlar da ƙarfi, ka tambayi kanka ko mahaifiyarka za ta gane, kuma ko za ta ji an daraja ta. In amsar biyun e ce, rubuta abinka ka wuce gaba.